Harsashin Mai-Tsawa

Abatcha direban a-kori-kura ne, kuma hanyarsa guda ce: Nguru zuwa Gashuwa, Gashuwa zuwa Nguru. Da safe ya loda kwalayen bandar kifi da 'yan fasinja biyu a gaba, da la'asar ya juyo da albasa ko shinkafa ko duk abin da Allah ya hore. Matarsa Maijidda 'yar Gashuwa ce, 'yar Malam Ridwanu mai sayar da kanwa, wanda kakanninsa suka zo daga Haɗeja. 'Ya'yansu biyu, Haula mai shekara bakwai da Haisam da ke goye.

Haula tana da farfaɗiya. Tun tana shekara huɗu abin ya same ta. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an je wurin wannan an je wurin wancan, daga ƙarshe wani likita a Nguru ya rubuta mata wasu 'yan fararen ƙwayoyin magani da ba su fi ƙwayar dawa girma ba, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ya ja musu kunne cewa ko sau ɗaya kada a tsallake. Maganin ya karɓe ta, faɗuwar ta tsaya. Sai dai Haula ta tsane shi, don yana da ɗaci kuma yana sa ta kasala. Kullum sai an yi kokawa. Maijidda ta matse ta tsakanin gwiwoyinta, ta ɗura mata da ruwa, sannan ta ce, "Buɗe baki. Ɗaga harshe." Sai ta leƙa ta tabbatar ya wuce kafin ta sake ta. Abatcha ba ya iya kallo. Da an fara yakan tashi ya fita wai zai duba ruwan mota.

A daminar shekarar 1997 ne ya tsaya kusa da tashar jirgin ƙasa, inda wani ɗan gwanjo ya kwance dila ya baza kayan wasan yara a kan buhu. 'Yar tsana ya yi niyyar saya. Sai idonsa ya faɗa kan wata koriyar tankar mai ta roba, tsawonta bai wuce tafin hannu biyu ba. Ɗan gwanjon ya ɗauka ya ce ya tsaya ya gani. Ya karya nan, ya murɗa can, ya ja tayoyin baya suka zama ƙafafu, kan motar ya koma ƙirji, wani ɗan kai mai hular ƙarfe ya ɓullo daga sama. Kafin Abatcha ya rufe baki tankar ta zama mutum-mutumi a tsaye, tankin man yana bayansa kamar goyo. An ɗaure masa wata 'yar leda a ƙafa da makamansa a ciki: takobi, garkuwa, da igwa da ake maƙalawa a kafaɗa.

"Harsashin igwar ne kawai ya ɓace a dila," in ji ɗan gwanjon.

Da ya kai gida Maijidda ta juya abin a hannunta ta ce, "Baban Haula, wa ya ce maka 'ya mace na wasa da tankar mai?"

Haula kuwa ba ta saurari kowa ba. Cikin kwana biyu ta iya rikiɗa shi ido rufe, alhali ubanta sai ya yi ta fama ƙafar hagu ta maƙale. Ta raɗa masa suna Kwamanda. Rannan da yamma, Abatcha na zaune a kan tabarma yana shan fura, ta jera makaman a gabansa ta ce kowanne ya faɗa mata sunansa da aikinsa. Shi kuwa bai san komai a kansu ba, ko kwalin abin bai taɓa gani ba. Amma mutum ne da baki ba ya yi masa nauyi, a tasha ma shi ke ɗebe wa direbobi kewa. Ya ɗaga takobin ya ce sunansa Yanka-Iska, idan Kwamanda ya wulwula shi sau ɗaya a Nguru sai bishiyoyin dabino na Yusufari sun sunkuya. Garkuwar kuma Kunnen Giwa, ko jirgin ƙasa ne ya buge ta sai dai jirgin ya koma da baya.

"Wannan fa?"

"Wannan ita ce babbarsu. Mai-Tsawa."

Haula ta leƙa bakin igwar ta ce, "Ai babu komai a ciki. Da me za ta yi harbi?"

Daidai lokacin Maijidda ta fito daga ɗaki da ƙwayar yamma da kofin ruwa. Haula ta fara ja da baya. Abatcha ya dubi ƙwayar, ya dubi bakin igwar, ya miƙa hannu ya ce, "Kawo nan." Ya zura ta, ta shige daidai kamar don ita aka yi ramin. Ya ce wa Haula ta tara hannu, ya danna ɗan maɓallin da ke baya. Sifirin ɗin da ke cilla harsashi ya riga ya mutu, ƙwayar ta gangaro a hankali ta faɗa tafinta.

"Kin ga harsashinta," in ji shi. "Kwamanda abokin gaba ɗaya gare shi a duniya, sunansa Mai-Girgiza, wanda yake kayar da ke. A cikinki yake ɓuya. Harsashin nan ba ya isa gare shi sai an haɗiye."

Haula ta dubi ƙwayar na ɗan lokaci. Sai ta jefa a baki, ta karɓi kofin da kanta ta shanye.

Daga ranar kokawa ta ƙare a gidan. Safe da yamma Haula ce ke zuwa ta ce a ba ta harsashi, ta loda, ta harba, ta sha. Abatcha ya ba da labarin a tashar Nguru, ya ba da a ta Gashuwa, har wani abokinsa direba mai suna Bilya ya ce da ya yi karatu da likitan yara ya zama. Abu ɗaya ne ya rage yana ɓata masa rai. Ko bayan an harba an sha, sai Maijidda ta kama haɓar yarinyar ta ce ta buɗe baki ta ɗaga harshe. Wata safiya ya ce mata, "Ki daina buɗe mata baki kamar akuyar da za a saya. Soja ce, ita ke neman abinta."

"Yarinya ce fa, Baban Haula."

"Na ce ki bari. Za ki ɓata mini abin da na gyara."

Maijidda ta saki haɓar. Ba ta ƙara dubawa ba.

Farkon shekarar da ta biyo baya man fetur ya yi wuya. Abatcha yakan yi kwana biyu, uku a layin mai a Gashuwa, kifin mutane na jira a Nguru. Direbobin da suka yi dabara suka tara a jarkoki tun da wuri su ne kaɗai ke kan hanya, shi kuma yana zaune a kan bonet yana cizon yatsa. Wata ranar Lahadi ya dawo gida da la'asar a gajiye, Haula ta haye cinyarsa da Kwamanda ta ce sai ya ba ta labarin yaƙi. Abin da ke ransa shi ya fito a bakinsa. Ya ce wata rana rundunar Mai-Girgiza ta kewaye su Kwamanda a bakin kogi. Sauran mutum-mutumin duk suka yi ta harbi a kan ƙananan sojoji har igwoyinsu suka zama fanko, da babban ya fito ba su da ko ɗaya. Kwamanda kuwa ya daɗe yana tara nasa a cikin tanki.

"Kin san shi da wayo," in ji Abatcha yana hamma. "Ba ya ƙarar da harsashinsa a kan ƙanana. Tarawa yake yi, sai ranar babban yaƙi ya juye wa Mai-Girgiza gaba ɗaya, shi ke nan ya mutu har abada."

"Har abada?"

"Har abada. Sauka na yi alwala."

Bai sake tuna labarin ba. Bayan kamar mako guda ya ɗauki Kwamanda daga kan tabarma don kada a taka, ya ji wani abu na kacau-kacau a cikin tankin. Ya zaci tsakuwa ce ta zuba, ya ce, "Kwamanda ya yi ƙiba." Haula ta yi dariya ta fizge abinta ta shige ɗaki.

Ranar wata Alhamis da hantsi Maijidda ta ɗora tukunya, Haisam ya farka yana kuka, ta shiga ɗauko shi. Haula ta ga itace ya zamo daga murhu, ta matsa ta tura shi. Nan abin ya kama ta, bayan wata takwas ba ta faɗi ba. Ta kife a gefen murhun, hannunta na dama a cikin garwashi, jikinta na karkarwa, ba ta san ma tana ƙonewa ba. Ihun Maijidda ne ya fito da maƙwabciyarsu Ya Meram, su biyu suka kai ta asibiti.

Abatcha yana sauke kwalaye a kasuwar Gashuwa Bilya ya iso daga Nguru ya ja shi gefe ya faɗa masa. Bai san yadda ya tuƙo motar ba. Ya tarar an naɗe hannun har gwiwa, Haula na barci, Maijidda a tsaye da goyo, Ya Meram da wasu matan unguwa uku suna zaune a kan benci a baranda. Surukarsa ma ta iso bayansa kaɗan. Likita ya kira Abatcha da Maijidda ya tambaya ko an tsallake magani. Maijidda ta ce ko sau ɗaya, ta nuna masa takardar maganin, adadin da ya rage daidai yake da kwanakin. Likitan ya girgiza kai ya ce shi dai a saninsa, yaron da ya yi wata takwas lafiya ba ya yin irin wannan faɗuwar sai in maganin bai shiga jikinsa ba.

Suna fitowa baranda Abatcha ya juya kanta. Bai rage murya ba.

"Abu ɗaya aka bar miki a duniya, ƙwaya biyu a rana. Ina can ina kwana a layin mai don ku ci, ke kina nan kin kasa wannan. In kin manta ki ce kin manta, ba ki tsaya gaban likita kina rantsuwa ba. Sannan kika bar ta da wuta. Kin ƙona mini 'ya, Maijidda."

Matan da ke kan benci suka sunkuyar da kai. Uwar Maijidda ta kau da kai. Ita kuwa Maijidda ta dube shi kawai, ta gyara goyonta, ta koma ciki wurin 'yarta.

Mako uku suka yi a asibiti. A can nas ce ke ba da magani da hannunta, tana tsaye har sai ya wuce, Haula ba ta faɗi ba ko sau ɗaya. Da aka sallame su uwar Maijidda ta ce za ta tafi da su Gashuwa a ƙarasa jinya a can. Kowa ya san ba jinya kaɗai ba ce. Abatcha da kansa ya kai su a motarsa, tun daga Nguru har ƙofar gidan Malam Ridwanu ba wanda ya ce wa wani uffan.

Ranar Juma'a bayan ya sauko daga masallaci ya ga ɗakin ya yi ƙura, ya ɗauki tsintsiya. A ƙarƙashin gado ya jawo Kwamanda, a siffar tanka, makaman na kwance a gefensa. Ya ɗaga, ya sake jin kacau-kacau ɗin nan. Ya ce bari ya zubar da tsakuwar ya kai wa Haula abinta. Ya sa farce ya ɓalle ɗan murfin da ke saman tankin, ya kifa a tafinsa.

Farare ne, ƙanana. Ashirin da bakwai. Wasu gefensu ya ɗan narke, alamar sun zauna a kumatu kafin a tofo su.

Ya zauna a bakin gadon da tsintsiyar a ƙafarsa. Da farko ya ji haushin yarinyar, amma haushin bai yi minti guda ba, don muryarsa ce ta dawo masa, da hammar da komai: tarawa yake yi, sai ranar babban yaƙi. Ya tuna safiyar da Maijidda ta saki haɓar Haula. Ya tuna ranar da ya ji ƙarar nan da kunnensa ya ce Kwamanda ya yi ƙiba. Sannan ya tuna barandar asibiti, da matan da suka sunkuyar da kai, da yadda ya kira sunan matarsa a ƙarshe don kowa ya ji. Har aka kira la'asar yana nan zaune, ƙwayoyin sun manne masa a tafi da gumi.

Ya zuba su a kwalin ashana ya sa a aljihun riga. Ya ce gobe in Allah ya kai mu, da ya sauke kaya gidan Malam Ridwanu zai nufa.

Gobe ta yi, ya sauke kaya, ya zo daidai kwanar da ke shiga unguwar surukan nasa, ƙafarsa ta ƙi taka birki. Ya ce wa kansa yau Asabar, Malam yana kasuwa, gara ranar da zai same shi a gida. Ranar Lahadi ya ce fasinja na jira. Ranar Litinin ya ba Bilya kifi da sabulu ya kai musu. Abin da yake kwantar wa kansa da hankali da shi guda ne: ai Kwamanda na Nguru, babu igwa babu tanki, wasan ya mutu, yanzu uwarta na ba ta tana sha. Abin da ya rage maganar girmansa ce kawai, ita kuwa za ta iya jira kwana biyu. Duk ramin da motar ta faɗa a hanya yana jin kwalin na motsi a ƙirjinsa. A tasha aka fara tambayarsa ko ba shi da lafiya, don ya daina ba da labari.

Kwana tara ya yi a haka. Ranar Lahadi ta biyu ya daure ya shiga unguwar, kuma ko a ranar ba da niyyar faɗin gaskiyar ya je ba, ganin Haula ya je yi. Malam Ridwanu ya karɓe shi a zaure, suka gaisa kamar ba komai. Da ya tambayi mai jiki, Malam ya ce hannun yana kamewa, sai dai ranar Laraba ta sake faɗuwa a tsakar gida, Allah ya sa a kan rairayi ne, leɓenta kawai ya fashe.

"Uwarta ta rasa inda za ta sa kanta," in ji Malam. "Ta ce tana ba ta, ni ma a gabana take ba ta. Ko abinci ta daina ci."

Ya tashi ya shiga ciki ya turo Haula. Ta rame, hannun na rataye a wuyanta da ƙyalle, leɓenta na ƙasa da ɓawon ciwo. Ta zauna a jikin ubanta, ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa, sannan ta matso da bakinta kunnensa.

"Baba, ka zo da Kwamanda?"

"Na manta shi a gida."

"Kada ka bari kowa ya buɗe tankin. Harsashinmu na ciki." Ta sa hannun hagu ta jawo bakin ɗankwalinta, inda ta yi wani ɗan ƙulli. "Ga wasu na ƙara. A asibiti matar nan ba ta bari, amma a nan Umma ba ta dubawa. In ka kawo na can muka haɗa, sun isa ko? Sai na haɗiye su duka lokaci ɗaya, Mai-Girgiza ya mutu har abada. Ka ga ya ƙona ni don ya san muna shirya masa."

Abatcha ya kama bakin ɗankwalin. Ya kwance ƙullin da kyar. Goma sha tara ne a ciki. Ya dunƙule su, ya ɗaga murya ya yi sallama cikin gida, ya roƙi Malam ya fito, ya kuma roƙa a kira masa Maijidda.

Ta fito ta tsaya a bakin ƙofar zauren da mayafinta, ba ta zauna ba. Abatcha ya sauka daga kan tabarma ya durƙusa a ƙasa. Ya juye na ɗankwalin a gaban Malam, ya ciro kwalin ashana ya juye nasa a gefe. Ya faɗi komai: labarin da ya bayar ranar Lahadin nan, da hanin da ya yi na duba baki, da ƙarar da ya ji ya yi dariya, da abin da yarinyar ta ce yanzu za ta yi da su. Ya ce Maijidda ba ta tsallake ko ɗaya ba, shi ne.

Malam Ridwanu ya dubi ƙwayoyin. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya tsare, da ta sha su fa."

Maijidda ta nuna na kwalin da haɓa. "Waɗannan yaushe ka gan su?"

"Ranar Juma'a."

"Shekaranjiya?"

Ya ga ƙofar da ta buɗe masa, ya san in ya ce e babu mai ƙaryata shi. Ya ce, "Waccan Juma'ar. Ta kafin wannan."

Ta yi lissafi a ranta, yana ganin leɓunanta na motsi. "Kwana tara. Kullum kana shigowa garin nan." Muryarta ba ta tashi ba. "Ranar Laraba da na ɗauke ta a ƙasa bakinta na jini, ina cewa me na yi, me na manta, wannan yana aljihunka."

Abatcha ya dubi kwalin ashanar da ke gabansa. Maganar baranda ce ya san zai nemi gafara a kanta, ya ma tsara kalmomin a hanya tun kwanaki. Wannan kuwa bai taɓa sa ta a lissafi ba sai yanzu da aka faɗa masa.

Malam ya ce maganar manya za ta jira, yarinyar ce ba za ta jira ba, kuma wanda ya ƙulla shi zai kwance. Haula na rakuɓe a bango tana raba ido, ta ga sirrinsu a baje a kan tabarma. Abatcha ya jawo ta gabansa.

"Haula, ƙarya na yi miki. Mai-Tsawa roba ce, ba ta harbi. Ni na ƙirƙiri sunanta, da na takobin da na garkuwar, duk a bakina suka fito. Wannan magani ne, ba harsashi ba. In kika sha da yawa lokaci ɗaya ke zai kashe."

"Mai-Girgiza fa?"

"Babu shi. Ciwo ne kawai, irin na kowa. Babu wani babban yaƙi da ke zuwa. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kullum."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

Sai ta fara kuka, irin wanda ko ranar da ake wanke mata ƙunar ba ta yi ba. Cikin kukan ta ce, "Ashe ni na ƙona hannuna."

"A'a. Ni ne. Ke abin da babanki ya faɗa miki kika yi."

Da yammar ranar, yana zaune a zauren, ya jiyo muryar Maijidda daga tsakar gida tana cewa, "Buɗe baki. Ɗaga harshe." Wannan karon bai tashi ya fita ba, ya zauna ya saurara har aka gama.

Maijidda ba ta koma Nguru a wannan makon ba, ba ta koma a wannan watan ba. Saƙo ɗaya ta aiko masa ta bakin uwarta: a gaban mutane ya faɗi waccan, to wannan ma mutanen su ji. Abatcha ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a ƙofar Ya Meram ya yi sallama, ta fito da muciya a hannu, ya faɗa mata. Ta saurare shi har ƙarshe ta ce ita dama ba ta taɓa yarda ba, don ta bango take jin lokacin ba da maganin nan, ko agogo bai fi Maijidda ba. Sauran matan uku ta wurin mazajensu ya bi, ya roƙa a kira su bakin ƙofa su ji da kunnensu. A tasha ma, inda ya yi ta alfahari da dabararsa, ya ba da ƙarshen labarin. Ba wanda ya yi dariya, Bilya ya miƙa masa goro kawai.

Sai da damina ta faɗi sannan ta dawo. Ta shiga ɗakinta, ta share, ta ɗora tukunya. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, kuma daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba. Sau da yawa Abatcha ya so a ce ta tayar. Kwamanda ya zauna a saman kwaba har Haisam ya yi wayo ya ɗauko shi, makaman suka ɓace ɗaya bayan ɗaya a cikin rairayin tsakar gida, ba wanda ya neme su. In Haisam ya tambayi ubansa wannan ramin na kafaɗa na mene ne, sai ya ce bai sani ba.

Hannun ya warke, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe sun manne da tafi. Haula ta koyi rubutu da hagu. Likita ya rage mata maganin a hankali, a shekarar 2005, tana aji biyu na ƙaramar sakandare, ya tsayar da shi gaba ɗaya.

A cikin shekarar ne wata rana Abatcha ya dawo daga Gashuwa da azahar, Maijidda ta tafi barka, Haula ce ta yi girki. Ta kawo masa kwanon tuwo a hannun hagu, na miya kuma ta tallafo shi tsakanin yatsu ukun dama da ƙirjinta, yadda ta saba. Ta ajiye, ta koma ta kawo ruwan wanke hannu. Shi kuma idonsa na kan hannun tun daga ƙofar madafa har tabarma, da komawarta da dawowarta. Ta tsiyaya masa ruwan, ta miƙe, ta ga har yanzu bai buɗe kwanon ba.

"Baba," ta ce, "miyar za ta huce."

Ya ce to. Ya buɗe kwanon ya yi bisimilla, ita kuma ta koma ta ɗauko littafinta ta zauna a inuwa.